Madubin da ke kallon gonakin Ƙonni daga sama, shi ma yana tsufa

Kowace shekara, da damana ta ja baya, tun manomi bai gama ɗaure dammunansa ba, akwai lissafin da ake bugawa a ofisoshin Yamai: hatsi nawa aka samu, ciyawa nawa ta rage ma bisashe, waɗanne garuruwa ne za su shiga ƙarancin cimaka kafin wata damana. Bisa wannan lissafi ne gwamnati ke tsara taimako, shi ne kuma manyan ƴan kasuwa ke saurare kafin su cika mangaza ko su buɗe ta. Wani babban sashe na lissafin daga sama yake saukowa, daga taurarin ɗan Adam, kuma duk abin da tauraron ya gani ta cikin madubi yake ganinsa. Madubin nan kuwa zafi da sanyi suna cinsa sannu a hankali, ba mai iya hawa ya goge shi, balle ya sake shi.

Idon da ke bisa Ƙonni da Adar

Tun ran 23 ga watan Nuwamba na 1977, lokacin da ƙasashen Turai suka harba tauraron farko mai suna Meteosat, jerin taurari masu wannan suna ke karɓar aiki ɗaya bayan ɗaya suna tsaron yanayin Afirka. Mazauninsu yana can wajen kilometir dubu 36 bisa teku, kudu da ƙasar Gana. A wannan nisa tauraro yana kewaya duniya daidai da yadda ita ma take juyawa, saboda haka ga wanda ke ƙasa kamar a tsaye yake. Dalilin ke nan da ya sa kwandon talbijin da aka kafa bisa soro a Birnin Ƙonni ba ya bukatar a riƙa juya shi, domin taurarin talbijin ma a irin wannan nisa suke. Meteosat na zamani na biyu, wanda aka fara harbawa a 2002, yana ɗaukar hoton Afirka baki ɗaya kowane minti 15. Na zamani na uku, wanda aka harba a Disamba 2022, kowane minti 10.

Ba hoto ne na kallo kawai ba, awo ne. Hadarin da ke kawo ruwa a Sahel yana tashi sama ƙwarai, har kansa ya yi sanyin da ya kai digiri 40 ko fiye ƙasa da sifiri. Tauraron yana auna wannan sanyi, kuma gwargwadon daɗewar da hadari mai sanyin kai ya yi bisa wani wuri, gwargwadon ruwan da ake ƙiyasta ya zuba. Akwai kuma wasu taurari da ke shawagi kusa, kilometir 700 zuwa 850, masu auna koren ƙasa. Ɗanyen ganye yana shanye jan haske, yana mayar da wani haske da ke bayan ja, wanda idon mutum ba ya gani, masana na ce masa infraruj. Busasshiyar ƙasa ba ta nuna wannan bambanci sosai. In aka gwada hasken biyu, sai a san inda shuka ta yi kyau da inda ta ƙone.

Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974, da ma'aikatar kula da yanayi ta ƙasa, da tsarin gargaɗin gaggawa kan ƙarancin cimaka, da ma'aikatar kiwo mai lissafin ciyawa, duka suna aiki da waɗannan awo. Har kuɗi ma sun taɓa biyo bayansu: a farkon 2015, asusun inshorar fari na Tarayyar Afirka ya biya Nijar wajen dalar Amurka miliyan 3 da rabi bayan ƙarancin ruwan damanar 2014, kuma ƙiyasin ruwan sama na taurarin ɗan Adam ne aka yi lissafin da shi. Ashe ke nan lafiyar madubin da ke can sama ta shafi farashin tiyar hatsi a kasuwar Badagishiri, ko da mai awon bai taɓa jin labarinsa ba.

Wane irin madubi ne?

Madubin ɗaki gilashi ne a gaba, ƙarfe mai walƙiya a baya, sannan fenti ya rufe shi. Duk wanda ya daɗe da madubi ya ga yadda baƙin tabo ke fara cinsa daga gefe, inda danshi ya samu hanyar shiga. Madubin tauraro ba haka yake ba. Shafensa a fuska yake, ba abin da ya tare shi, domin gilashi yana karkatar da haske, yana kuma shanye wani sashe nasa. Ana sassaƙa gangar madubin da wani gilashi na musamman ko ƙarfe marar nauyi, a goge ta har ta yi sumul, sannan a shafa mata alminiyom, ko azurfa, ko zinariya, a ɗora wasu fallaye na kariya a bisa.

Kaurin waɗannan fallaye da nanometir ake auna shi, wato milimetir ɗaya a raba shi gida miliyan. Babban madubin James Webb, wanda aka harba ran 25 ga Disamba 2021, faɗinsa metir 6 da rabi ne, amma zinariyar da ta rufe shi duka ba ta wuce wajen giram 48 ba, kaurinta nanometir 100. Sai an tsaga silin gashin kai gida ɗari bakwai kafin a samu kwatankwacin wannan kauri.

Akwai kuma madubin da bai dogara ga walƙiyar ƙarfe guda ba, sai ga jerin fallaye masu yawa, biyu-biyu, wannan bisa wancan. Haske tafiya yake kamar igiyar ruwa a tafki, kuma kowane launi da tsawon takunsa. Duk inda falle ya haɗu da falle, ɗan haske kaɗan yana komowa baya. In kaurin fallayen ya dace da takun hasken, duk waɗannan ƴan guntaye suna fitowa a tare, suna ƙara ma juna ƙarfi. Misalinsa lugude ne: mata uku a turmi ɗaya, in kowace ta san lokacin saukar taɓaryarta, daka na tafiya, in ɗaya ta yi jinkiri ko gaggawa, sai taɓare su yi karo.

Da irin wannan madubi ake kallon rana. Akwai wani haske mai gajeren taku ƙwarai da rana ke fitarwa, wanda ba ƙarfen da ke iya mayar da abin kirki daga cikinsa. A taku na nanometir 13 da rabi, in aka jera fallayen molibden da silisiyom har hawa 40 ko 50, kowane hawa wajen nanometir 7, madubin na iya mayar da kusan kashi 70 cikin 100. Tauraron SOHO, wanda Turai da Amurka suka harba a Disamba 1995, yana ɗauke da madubai masu fallayen molibden da silisiyom. Amfanin tsaron rana shi ne gargaɗi kan guguwarta, irin wadda ta ɗauke kuran a lardin Kebek na Kanada har awa 9 a watan Maris na 1989. Wannan fasaha ce kuma ake aiki da ita a izin ɗin da ke buga ƙwaƙwalwar manyan wayoyin salula na zamani.

Abin da zafi da sanyi ke yi masa

Mai ɗakin kwano ya san ƙarar da rufi ke yi da tsakar rana a bazara, da wadda yake yi in dare ya raba: ƙarfe ne ke miƙewa da zafi, yana tsukewa da sanyi. Tauraron da ke shawagi kusa da duniya yana kewaya ta cikin wajen minti 100, wato yana shiga inuwa yana fita sau 14 zuwa 15 a kwana guda, sama da sau dubu 5 a shekara. Fuskar da ke kallon rana na iya wuce digiri 100, wadda ke cikin inuwa ta sauka ƙasa da sifiri da digiri 100. Su kansu taurarin nesa irin Meteosat, sau biyu a shekara, wajen Maris da wajen Satumba, suna shafe makonni kamar shida suna shiga inuwar duniya kowane dare, wani lokaci fiye da awa guda. Injiniyoyi suna lulluɓe madubin, suna daidaita zafinsa iyakar ƙoƙari, amma ba a raba shi da hawa da saukar nan ɗungum.

Illa ta farko ke nan. Kowane falle da yadda yake miƙewa: azurfa tana miƙewa fiye da gilashin da ke ƙarƙashinta, fiye kuma da fallen da ke bisanta. Wannan yana ja, wancan yana turjewa, yau da gobe sai tsaga ta fito, ko falle ya kumbura ya ɓamɓare, kamar yaɓen siminti bisa katangar laka.

Illa ta biyu ta fi ɓuya. Zafi yana motsa ƙwayoyin zarra, sai na wannan falle su kutsa cikin na wancan. Tsakanin molibden da silisiyom wani sabon haɗi ne ke tasowa a kan iyaka, wanda ya fi su cushewa, sai kaurin kowane hawa ya ragu. In zafi ya wuce digiri 150 zuwa 200 abin yana sauri, ƙasa da haka yana tafiyar hawainiya. Raguwar ba ta kai nanometir ɗaya ba, amma ta isa ta ɓata luguden: madubin ya rage haske, ya kuma koma mayar da wani taku dabam da wanda aka ƙera shi dominsa. Maganin da aka samo shi ne a sa wani siririn falle na shinge tsakanin biyun, ko a zaɓi wasu ma'adinai masu jimiri. Haka aka yi ma tauraron Solar Orbiter da aka harba a Fabrairu 2020, wanda ke kusantar rana har garkuwar da ke gabansa ta kai wajen digiri 500.

Illa ta uku daga jikin tauraron kansa take fitowa. A sama babu iska, saboda haka roba, da gam, da fenti, da barguna masu lulluɓe injin suna sakin tururin ruwa da na maiƙo da suka sha a duniya. Tururi kuwa wurin da ya fi sanyi yake nema ya kwanta, kuma sau da yawa madubi ne wurin. Ruwan ya zama ƙanƙara, maiƙon kuma hasken rana ya gasa shi har ya yi ja-ja, kamar gindin tukunya. Ƙanƙara ana iya korarta da ɗumi, amma gasasshen maiƙo ya zauna ke nan.

Ta huɗu ita ce ɓarin da ke can sama. A ƙasa-ƙasan sararin akwai ƙwayoyin oksijen masu yawo ɗai-ɗai, waɗanda tauraro ke karo da su yana gudun kusan kilometir 8 a daƙiƙa. In suka samu ƙaramar kafa a fallen kariya sai su shiga su baƙanta azurfa. Amurka ta bar wani babban akwatin gwaji mai suna LDEF a sama daga Afrilu 1984 zuwa Janairu 1990, ta sauko da shi domin a ga da ido abin da shekaru kusan shida suka yi ma fenti, da roba, da madubai. Har yanzu ana aiki da darussan da aka samu a jikinsa.

Darussa uku

A watan Oktoba na 2011 Amurka ta harba tauraron Suomi NPP ɗauke da na'urar VIIRS, ɗaya daga cikin masu auna koren ƙasa. Cikin makonnin farko aka lura hasken da ke isa ga na'urar yana raguwa da sauri fiye da zato. Bincike ya nuna cewa a lokacin shafe madubanta a izin, wani ɗan ɓurɓushin ƙarfen tungistan ya kwanta bisa fuskarsu, kuma da ya sha hasken rana sai ya yi duhu. Cikin shekarun farko an yi asarar kusan kashi ɗaya cikin uku na hasken bayan-ja, wanda shi ne ake gane ɗanyen ganye da shi. Da yake an gano abin da wuri, an riƙa gyara lissafi, na'urar ta ci gaba da aiki.

Labarin tauraron Terra ya fi ba da tsoro, domin shi a ɓoye ya zo. An harba shi a Disamba 1999 da niyyar ya yi shekara 6, ya zarce 20 yana aiki. Na'urarsa MODIS tana da madubi mai fuska biyu da ke juyawa, kuma fuskokin ba su tsufa daidai ba, sannan shuɗin haske ya fi sauran launuka raguwa. Da shekaru suka tara, sai taswirar ta fara nuna kamar koren ƙasa yana ja baya a wurare da dama. Da masu bincike suka gwada da abin da ɗan'uwansa Aqua, wanda aka harba a 2002, ke gani a wurare guda, sai suka tarar wani sashe na ja da bayan a na'urar yake, ba a ƙasa ba. Dole aka sake lissafin shekarun baya gaba ɗaya, aka fitar da gyararren jeri wajen 2015.

Na uku shi ne Euclid na Turai, mai binciken taurari masu nisa, wanda aka harba a Yuli 2023. Bayan ƴan watanni ganinsa ya fara dushewa saboda ƙanƙarar da kaurinta bai wuce ƴan nanometir ba. A watan Maris na 2024 injiniyoyi suka aika umarni daga duniya, aka ɗumama madubi guda da digiri 34, nan take hasken ya ƙaru da kashi 15 cikin 100. Zafin da ke tsofar da madubi, in aka san gwargwadonsa, shi ne kuma ke wanke shi.

Hamadar Nijar ta zama dutsen awo

Ɗan kasuwa ya san cewa sikeli, komai kyansa, sai an riƙa gwada shi da dutsen awo wanda nauyinsa bai canzawa. Taurari da yawa suna ɗauke da wani farin allo da suke haska ma rana domin su gwada idonsu, amma shi ma allon yana dafewa da shekaru. Don haka ake neman ma'auni a waje. Ana aiki da farin wata, wanda fuskarsa ba ta sakewa. Ana kuma aiki da hamada.

A 1996 masu bincike na Faransa suka tace hotunan Meteosat, suka zaɓi wurare 20 a Sahara da ƙasar Larabawa, kowane mai faɗin kilometir 100 kowace kusurwa, inda ba shuka, ba gari, girgije bai cika zuwa ba, kuma rairayin kamanninsa ɗaya ne shekara da shekaru. Uku daga cikinsu ana kiransu Nijar 1, Nijar 2 da Nijar 3. Wanda aka fi aiki da shi a duniya yana gabashin Libiya. Hikimar mai sauƙi ce: in tauraro ya ga rairayin nan ya fi bara duhu, ba rairayin ne ya canza ba, idon ne ya raunana, sai a ƙara ma lissafinsa gwargwadon abin da ya rasa. Tun 2005 hukumomin yanayi na duniya suka kafa tsari guda na gwada taurarinsu da juna. Filin da matafiyi ke gani kamar ba komai a cikinsa, ashe shi ne ke tsare gaskiyar awon da ake yi ma gonakin kudu.

Abin da ya shafi Illela

A 1989, cikin wani shiri da asusun FIDA ya tallafa, wasu manoman yankin Illela suka ziyarci Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake farfaɗo da fako ta hanyar gina ƴan ramu ana zuba taki. Da suka komo suka gyara tasu tsohuwar dabarar tassa, abin ya bazu gari-gari, har fakon da a da ba mai kallonsa ya zama abin saye da sayarwa. Wannan aiki, tare da barin itatuwa su sake tofowa a gonakin Maraɗi da Damagaram, yana cikin abin da ya sa ake ambaton Nijar in ana zancen farfaɗo da ƙasa a Sahel.

To, amma in za a tabbatar ma mai ba da kuɗi cewa ƙasa ta fi kore yau bisa ga 1984, dole a haɗa awon taurari da dama, kowane da irin nasa tsufan. Kuskuren kashi kaɗan cikin 100 ya isa ya shafe gumin shekara goma daga taswira, ko ya nuna albarka inda babu ita. A lissafin shekara guda ma haka ne: in madubi ya rage ganin hasken bayan-ja ba a gyara ba, gona mai kyau za ta bayyana kamar ta ƙone, in jan haske ne ya fi raguwa, makiyayar da ta bushe za ta yi kama da mai ciyawa, taimakon abincin bisashe ya makara. Shi ya sa ma'aikatan kiwo ke fita daji a ƙarshen damana suna yankan ciyawa, suna busarwa, suna aunawa, shi ya sa kuma ma'aunin ruwan sama na tashar Birnin Ƙonni da na ƙauyuka ba su zama tsohon yayi ba. Da su ake kama tauraro in ya yi ƙarya.

Malbaza: ciwo ɗaya a ƙasa

Ba sai an je sama ba kafin a ga wannan tsufa. A watan Nuwamba na 2018 aka buɗe tashar kuran ta hasken rana a Malbaza, mai ƙarfin megawat 7, da faranti wajen dubu 21, bisa bashin ƙasar Indiya. Ita ce babba ta farko irinta a Nijar. Kowane faranti shi ma fallaye ne: gilashi, roba mai haske, sannan silisiyom mai ɗauke da wani shafe na wajen nanometir 80. Aikin shafen kishiyar na madubi ne, wato ya hana haske komawa, shi ne kuma ke ba farantin launin shuɗi mai duhu. Dokar lugude ɗaya ce, an dai juya ta.

Ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti a digiri 25 aka auna shi. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru, ana rasa wajen kashi 0,4 cikin 100. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da iskar Ƙonni ke wuce digiri 40 a inuwa, farantin na iya kai 65, wato asarar wajen kashi 16 cikin 100. Wannan tana komowa in gari ya yi sanyi. Wadda ba ta komowa ita ce ta tsufa: roba ta yi ja, fallaye su saki juna, danshi ya shiga, wayoyin ciki su tsage. Galibi ana lissafin wajen rabin kashi ɗaya cikin 100 a shekara, kuma a ƙasashen zafi yakan fi haka. Kamfanoni sukan yi alkawarin kashi 80 cikin 100 bayan shekara 25. In aka bi wannan ƙa'ida, tasha mai megawat 7 a 2018 za ta koma wajen 5,6 a 2043, alhali jama'ar da ke jiran kuran ƙaruwa suke.

Ga mai lambun albasa a Galmi ko Tsarnawa da ya sayi famfo mai aiki da rana, da mai kanti da ke son firij, darasin a fili yake. Farantin da aka riga aka yi aiki da shi, a duba ko ya yi ja, ko ya yi kumburi, ko bayansa ya tsattsage, kuma a auna abin da yake bayarwa da tsakar rana kafin a biya. A bar masa sarari tsakaninsa da kwanon rufi domin iska ta ratsa. A wanke ƙurar hunturu da sassafe da tsumma mai laushi. Ruwan sanyi bisa gilashi mai zafi yana iya tsaga shi, kankara da abu mai kaushi kuma yana cinye shafen.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Farfesa Abdu Mumuni Diyofo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya rasu a 1991, ya shugabanci ofishin ONERSOL na makamashin rana tun daga 1969, inda aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa, da murhun rana, da madubai masu tara haske wuri guda. Jami'ar Yamai, wadda ya shugabanta daga 1979 zuwa 1982, sunansa take ɗauke da shi tun 1992.

Wanda ya sayi rariya

A watan Nuwamba na 2024 hukumomin Nijar suka sa hannu da kamfanin Glavkosmos na Rasha bisa yarjejeniyar samun taurari uku, har da mai ɗaukar hoton ƙasa. Maƙwabciya Najeriya ta riga ta bi wannan hanya, kuma ta ɗanɗani ɗacinta: tauraronta na sadarwa NigComSat-1, da aka harba a Mayu 2007 da niyyar shekara 15, ya mutu a Nuwamba 2008 sakamakon lalacewar farantansa na hasken rana, sai a Disamba 2011 aka maye gurbinsa.

Hausawa na cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Madubi zai tsufa, ba makawa. Abin tambaya shi ne wa zai san gwargwadon tsufan. Ma'aikacin da zai zauna teburin ciniki ya kamata ya tambayi irin abin da dillalin mota ke tambaya: shekara nawa aka ɗibar ma na'urar, sau nawa aka shigar da madubinta ɗakin gwajin zafi da sanyi kafin a harba, kashi nawa ake sa ran zai rasa kowace shekara, wa zai riƙa gwada shi da hamada, kuma shin ƴan ƙasa za su ga ɗanyen awon ko sai wanda aka riga aka gyara musu. Ya kamata kuma magabata su tanadi ɗaliban kimiyya a jami'o'in Yamai da Maraɗi da za su iya wannan lissafi, su kuma kula da guzurin masu karanta ma'aunin ruwa da masu yankan ciyawa, domin kuɗin da ake kashe musu bai taka kara ya karya ba in aka gwada da kuɗin tauraro. An ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Idon da ke sama an mayar da shi mudu, ana auna ma miliyoyin mutane cimaka da shi. Wajibi ne a riƙa duba ko bakinsa ya cinye.